Wiwi Ta Shigo da Rigar Magani

Wata magana ta fara zama ruwan dare a bakin samarinmu, in kuwa ba a tare ta tun yanzu ba, ɓarnar da za ta yi sai ta shafe ta kodin. Wai wiwi magani ce ga mai motsa jiki. Wai tana kashe gajiya, tana warware tsamin jiki, tana buɗe ciki a ci a yi ƙwanji, ta kuma kawo barci mai nauyi bayan an sha wuya. Za ka ji wannan magana a bakin filin ƙwallo in an tashi daga tirenin. Za ka ji ta a lungun da samari ke ɗaga ƙarfen mota da simintin da aka daskarar a gwangwani. Tana nan a gidan dambe, tana bakin ramin haƙar zinare, tana wajen 'yan ƙwadagon da suka yini suna huɗa ko karyar masara. Ƙarya ce, irin wadda ke kai mutum asibiti ko kushewa. In kuma akwai mutanen da bai kamata a yaudare su da ita ba a duk faɗin ƙasar Hausa, to mutanen Birnin Gwari ne.

Ita wiwi ba baƙuwa ba ce. Tun 1966 gwamnatin soja ta kafa mata doka mai tsanani, har da hukuncin kisa ga mai noma ta, kafin a sassauta daga baya, amma ba ta fasa yaɗuwa ba. Rahoton 2018 na binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya ce mutum miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da kayan maye a Nijeriya cikin shekara guda, miliyan 10.6 daga cikinsu wiwi suka sha. Abin da ya sauya a yanzu shi ne an cire kunya daga cikin lamarin.

Da can mashayi ya san abin kunya yake yi. Kango yake nema, ko bakin rafi, ko bayan maƙabarta, in ya gama ya tauna goro ko ya bulbula turare kafin ya doshi gida, ya rufe jan idonsa da baƙin tabarau. Kunyar nan, komai ƙanƙantarta, ta hana yara da yawa faɗawa, domin yaron kirki yana ganin masu sha ya san ba sahunsa ba ne. Yau kuwa wanda zai miƙa masa naɗin kyaftin ɗin kulob ɗinsu ne, ko wanda ya fi kowa ƙirji a wurin ɗaga ƙarfe. Mutum ne mai sallah a kan lokaci, mai gaida manya, wanda in ka kira shi ɗan shaye-shaye sai ya yi faɗa da kai, ya ce shi don jiki kawai yake sha. Yaron da zai guje wa ɗan daba mai tabon wuƙa a fuska ba zai guje wa gwaninsa ba. Shi ya sa wannan salo ya fi tsohon muni: yaran da suka fi kula da lafiyarsu yake kamawa, waɗanda suka zaɓi fili a kan majalisar banza, waɗanda muke taƙama da su.

Daga waya abin ya fito. A 2012 jihohin Kolorado da Washinton na Amurka suka halatta shan wiwi don nishaɗi, Kanada ta bi sahu a watan Oktoban 2018, kasuwa ta buɗe, kamfanoni suka zuba kuɗi. Mai kaya dole ya nemo wa kayansa suna mai kyau, babu kuwa sunan da ya kai na lafiya da wasanni farin jini. Sai bidiyo ya yi ta kwararowa a TikTok da Facebook, ƙarti masu murɗaɗɗen jiki suna busa hayaƙi suna cewa da shi suke hutawa. Mike Tyson, wanda kowane ɗan damben Arewa ya san sunansa, yana yabon ta a bainar jama'a. Abin da ba a gaya wa yaronmu shi ne Tyson ɗan kasuwarta ne, kamfanin sayar da ita gare shi, kuma nasarar da ya yi a kan Andrew Golota a 2000 soke ta aka yi bayan an sami wiwi a jikinsa. Sha'Carri Richardson, 'yar tseren Amurka, ta lashe gasar share fage ta mita 100 a 2021, gwaji ya kama ta, aka dakatar da ita wata guda, gasar Olamfik ta Tokiyo ta wuce ta tana kallo. Hukumar WADA mai yaƙi da shan ƙwaya a wasanni har yau ta haramta wiwi a lokacin gasa. Ƙungiyar ƙwallon kwando ta NBA dai ta daina gwada 'yan wasanta a 2023, amma daina hukunci daban, shaidar amfani daban.

Can Kolorado ɗin ma, inda ake sayar da ita a shago da lasisi, masu bincike na jami'ar jihar da ke Boulder sun gwada abin a kan 'yan gudu 42 waɗanda dama sun saba sha, suka fitar da sakamako a ƙarshen 2023. 'Yan gudun sun ce sun fi jin daɗin gudun in sun sha. Amma waɗanda suka sha mai yawan sinadarin THC, wato wanda ke bugarwa, sun ce gudun ya fi yi musu wuya, kuma masu binciken sun faɗa ƙarara cewa ba ta ƙara wa kowa ƙwazo. Sirrin abin ke nan gaba ɗaya. Mashayi yana jin kamar ya fi kullum, agogo da ma'auni kuwa ba su ga komai ba. Duk ɗan ƙwallon da ya rantse maka cewa in ya yi caji ya fi taka leda, ka je ka tambayi mai tsaron bayan da ke riƙe da shi.

Za a ce ai likitocin Turawa suna magani da ita. Akwai ƙanshin gaskiya a nan, sai dai ba ta taimaki mai naɗi a takarda ba. A 2018 Amurka ta amince da wani magani mai suna Epidiolex don wasu nau'o'in farfaɗiya masu tsanani na yara. Daga sinadarin CBD aka yi shi, wanda ba ya bugarwa, an tace shi, an auna shi, likita ke rubutawa. A 2021 kuma ƙungiyar duniya ta masu nazarin raɗaɗin ciwo ta ce ba ta goyon bayan a riƙa amfani da wiwi a matsayin maganin ciwo ga jama'a, saboda hujjar ba ta kai ba. Abin da ake ƙullawa a leda a bayan tasha babu wanda ya auna shi, babu wanda ya san abin da aka fesa masa, balle ire-iren su laud da kolos da suka shigo daga baya, waɗanda ƙarfinsu ya ninka na ganyen da.

To bari mu shiga cikin jiki, tun da shi aka ce ana yi wa gata.

Minti kaɗan bayan zuƙa, bugun zuciya yakan ƙaru da 20 zuwa 50 a minti guda, ya daɗe a haka har sa'o'i. Wannan ga wanda yake zaune ke nan. Sai ka ɗauko zuciyar da ta riga ta yi minti 90 tana bugawa a fili, ko wadda za ta ɗauki buhun ƙasa daga ƙasan rami, cikin zafin Maris ko Afrilu, jiki ya zubar da ruwa, ka ƙara mata wannan kaya. A lokaci guda hayaƙin yana rage iskar da jini ke kai mata. Wani bincike na jami'ar Kalifoniya da aka buga a 1988 ya nuna naɗin wiwi guda yana cusa wa jini gubar kabon monoksaid kusan ninki 5 na karan sigari, ya kuma shigar da kwaltar hayaƙi kusan ninki 3, saboda yadda mashaya ke ja da ƙarfi su riƙe a ƙirji. Gubar nan ita ce dai ta hayaƙin janareta, wadda muke jin ta kashe iyali guda a ɗaki suna barci. Zuciya tana neman ƙarin iska, jini yana kawo mata ragi. Tun 1974 likitoci a Amurka suka gwada masu ciwon ƙirji na zuciya, suka ga naɗi ɗaya ya rage kusan rabin lokacin da suke iya motsa jiki kafin ciwon ya taso. A 2001 wani bincike a kan mutum 3,882 da jijiyar zuciyarsu ta toshe ya gano haɗarin toshewar yana ninkawa kusan sau 5 a sa'ar farko bayan an sha.

Saurayi zai ce wannan zancen tsofaffi ne, shi zuciyarsa garau take. Wa ya gaya masa? Samuel Okwaraji yana da shekara 25 ya faɗi a filin wasa na Legas ranar 12 ga Agustan 1989, ana tsakiyar wasa da Angola, bai tashi ba. Babu wanda ya taɓa alaƙanta shi da shaye-shaye, zuciyarsa ce ke da matsalar da ba a sani ba. Na kawo shi ne don a ga cewa cutar zuciya tana ɓuya har a jikin ɗan wasan ƙasa mai likitoci a kansa. Samarinmu nawa ne aka taɓa auna musu hawan jini, balle a duba zuciyarsu? Wanda bai san abin da ke ƙirjinsa ba, caca yake yi da ransa duk ranar da ya haɗa gudu da hayaƙi.

Maganar kashe gajiya kuwa, nan ne yaudarar ta fi zurfi, domin mashayi ba ƙarya yake yi ba in ya ce ya daina jin ciwo. Ya daina ji ɗin. Ciwon ne bai tafi ba. Tsamin jikin da ke biyo bayan aiki mai nauyi yana zuwa ne saboda tsoka ta ɗan yayyage a ciki, yakan tsananta daga kwana ɗaya zuwa uku, sannan ya wuce da kansa, tsokar ta gyaru ta fi da ƙarfi. Haka ake yin ƙwanji, babu wata hanya. Abin da gyaran yake bukata sananne ne kuma yana cikin kowane gida a Birnin Gwari: ruwa, barci, hutu, da abinci mai gina jiki irin su wake, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, ƙwai, fura da nono, in an samu da ɗan nama. Wiwi ba ta ɗinke tsoka, ba ta mayar da ruwan da aka zubar. Abin da take yi shi ne toshe saƙon da jiki ke aika wa ƙwaƙwalwa. Hausawa suka ce jiki magayi. Ciwon gwiwa yana gaya maka ka huta yau, nauyin kai bayan an sha naushi yana gaya maka kada ka koma fage. Mutumin ƙauyen Birnin Gwari ya san darajar wanda ke kwana a bakin gari yana sauraren ƙarar babura. Mai shan wiwi don kashe gajiya daidai yake da garin da ya bugar da mai gadinsa don ihunsa yana hana mutane barci. Za a yi barcin, amma abin da ke tafe bai fasa tafiya ba. Targaɗen da hutun mako guda zai warkar, a haka yake zama gwiwar da ta mutu, yaro ya bar ƙwallo yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai.

A gidan dambe abin ya fi haka tsanani. Zancen cewa wasu 'yan dambe kan zuƙa kafin su shiga fage ya daɗe ana yin sa, a ɓangarorin damben Kudu da Arewa da Guramada duka. Ana cewa tana cire tsoro. Tana cirewa, ta haɗa da saurin ido da saurin kaucewa. Wanda ya makara da ƙiftawar ido a turmin farko shi ake kashewa, in kuma ya tashi bai san girman abin da ya sami kansa ba sai ya sake ɗaure hannu. Haka mai shiga rami. Wiwi tana dagula daidaiton jiki, tana sa jiri in an miƙe farat ɗaya, tana sa mutum ya kasa auna nisa da lokaci. Wanda ke saukowa da igiya cikin rami mai zurfin gaba goma, ko wanda ke riƙe da igiyar a sama, kuskurensa ɗaya gawa ce.

Barcin da ake yabo shi ma bashi ne. A farko tana sa a yi saurin barci, wannan gaskiya ne. Sai jiki ya saba, a ƙara yawa, a wayi gari in babu ita ido ba ya rufuwa sam, in an samu an runtsa kuma sai munanan mafarkai. Cin abincin ma haka: wanda ya saba sai ya sha yake ci, ranar da babu ita tuwo ba ya wucewa. Akwai kuma wata asara da ba a cika lura da ita ba. Raphael Mechoulam, masanin da ya fara ware THC a 1964, shi da abokan aikinsa suka gano a 1992 cewa jikin ɗan Adam yana yin nasa sinadarin mai kama da shi, suka sa masa suna anandamaid. Motsa jiki yana ƙara shi a jini, yana kuma cikin dalilan sakayau da nishaɗin da mutum ke ji bayan ya yi gudu ya yi gumi. Allah Ya riga Ya ajiye wa mai motsa jiki ladansa a cikin jikinsa, kyauta, daidai gwargwado. Mai sha kullum yana dakushe wuraren da ke karɓar wannan saƙo a ƙwaƙwalwa, har hoton ƙwaƙwalwa ya nuna raguwarsu. Daga nan sai fili ya daina yi masa daɗi in babu naɗi. Ya fara sha don ya ji daɗin wasa, ya ƙare wasan ya zama dalilin zuwa wurin sha, daga baya ma a daina ganinsa a filin.

Wannan dabara ta fakewa da kyakkyawan dalili tsohuwa ce. A Masar ta ƙarni na 13 wasu masu da'awar zuhudu cewa suka yi hashish tana taimaka musu wajen raya dare da zikiri. Sarki Baibars ya hana ta, Ibn Taimiyya wanda ya rasu a 1328 ya yi fatawa mai zafi a kanta, Zarkashi ya rubuta littafi sukutum kan haramcinta, Ƙarafi na mazhabarmu ta Malikiyya ya saɓa da wasu kan ajin da za a sa ta amma bai halatta abin da ke gusar da hankali ba. Mu ma nan gida mun ga irinta. Gadagi da sunan ƙarfin aiki ya shigo. Tiramol da sunan maganin gajiyar leburori da manoma ya shigo, yau ga inda ya kai mu. Kodin maganin tari ne, sai da ya cinye samari da 'yan mata da matan aure kafin gwamnati ta hana shi a watan Mayun 2018. Babu ɗaya daga cikinsu da ya yi sallama ya ce shi kayan maye ne.

Sai ƙwaƙwalwa. A Suwidin an bi diddigin samari 45,570 da aka ɗauka aikin soja har shekara 15, sakamakon da aka buga a 1987 ya nuna waɗanda suka sha wiwi fiye da sau 50 sun ninka waɗanda ba su sha ba sau 6 wajen kamuwa da taɓin hankali mai tsanani. A 2019 wani babban bincike a biranen Turai da Barazil ya sami ninki 3 ga mai sha kullum, kusan ninki 5 ga mai shan mai ƙarfin kullum. Kimanin mutum 1 cikin 6 na waɗanda suka fara tun suna ƙuruciya sukan kamu har su kasa bari. A lura, mai sha don warware gajiya shi ne ainihin mai sha kullum, tun da kullum yake tirenin, kullum yake shiga rami. Dila zai nuna maka wane da ya yi shekara ashirin yana sha bai haukace ba. Ba zai kai ka asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna ka ga sauran ba.

A nan ne Birnin Gwari ta bambanta da Kolorado, kuma a nan nake so iyaye su buɗe kunne. Saurayin da yake shekara ashirin yau a Kuyello ko Dogon Dawa ko Randagi ko Damari, cikin tsoro ya girma. Yana yaro aka shiga Gwaska a watan Mayun 2018 aka kashe fiye da mutum 40 a yini guda. Ya ga an sayar da gona da shanu an biya kuɗin fansa. Ya san shekarun da bin hanyar Kaduna ta Buruku da Udawa sai da rakiya da addu'a, ya san daminar da aka biya haraji kafin a yi shuka, aka sake biya kafin a yi girbi. Wasu sun yi gudun hijira, wasu sun kwana a daji a ɗaure, wasu sun ɗauki bindigar toka sun shiga sa-kai tun gemu bai fito ba. Irin wannan yaro in ya ce maka ba ya iya barci sai ya sha, kada ka ɗauka tsokar cinyarsa ce ke hana shi. Abin da ya gani ne. Ya fi masa sauƙi ya ce gajiyar ƙwallo ce, domin namiji a wurinmu ba ya cewa tsoro yake ji ko baƙin ciki ya danne shi. Wiwi kuma ba ta warkar da firgici. Takan lafar da shi na sa'a biyu, ta dawo da shi da ƙari: zargin kowa, jin ana bin mutum, zabura in an taɓa ƙofa. Ƙwaƙwalwar da ta riga ta jigata ita ce ta fi saurin karyewa. Garin da ke cike da samari masu tabo a zuci, ga makamai sun yawaita a hannun mutane, shi ne wuri na ƙarshe da ya kamata a bar wannan hayaƙi ya sami suna mai kyau.

Sannan a tambayi kuɗin, ina suke zuwa? Yawancin wiwin ƙasar nan a dazukan Ondo da Edo da Delta da maƙwabtansu ake noma ta, a loda ta a manyan motoci a yi Arewa da ita. Birnin Gwari kuwa a kan tsohuwar hanyar Legas take, wadda ta biyo ta Jebba da Mokwa da Tegina ta rabu zuwa Kaduna da Funtuwa. Hukumar NDLEA, musamman tun da Buba Marwa ya karɓe ta a 2021, ta sha sanar da kama masu kai wa 'yan bindiga wiwi da ƙwayoyi a Kaduna da Neja da Zamfara da Katsina. Waɗanda Allah Ya kuɓutar daga dajin Kamuku da Kuyambana sun ba da labarin abin da masu tsaronsu ke zuƙa dare da rana, da yadda yaro ƙarami ke dukan sa'an kakansa ba ko gezau in ya yi mankas. Dila ba ya ware buhun 'yan ƙwallo da buhun 'yan daji. Ɗari biyu ko ɗari biyar ɗin da ɗan wasa ke bayarwa kullum ita ke riƙe da dilan a gari, ita ke sa safarar ta zama mai riba, kuma dilan da ya san hanyar daji don kai kaya ya san hanyar kai labari. Wa ya manta da yadda masu ba da rahoto daga cikin gari suka addabi ƙasar nan? Yaron da ya kamu, bashi ya taru masa a wurin dila, shi ne mafi arhar wanda za a saya.

A watan Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari ya karɓi waɗanda suka ce sun ajiye makamai, aka buɗe kasuwar kara da ta yi shekaru a rufe. Kowa ya yi murna, ya kuma kamata a yi. Amma hanyar da ta buɗe wa masara da shanu ta buɗe wa kowane irin kaya, kuɗin da suka dawo hannun samari kuma akwai masu jiran su. Sulhu ya tsayar da harbi, bai cire wa kowa ɗabi'ar da ya koya a daji ba. In ɗabi'ar dajin ta shigo gari ta haɗu da wannan sabuwar fatawa ta 'yan waya, to mun yi gudun gara mun faɗa gidan zago.

Saboda haka, malam koci, kai ne na farko. Ka san warin, ka san idon, ka san wanda ke ɓacewa bayan fili kafin a fara. In ka kau da kai don yana ci maka ƙwallo, amanar 'ya'yan mutane ka ci. Ajiye shi a benci, ka je ka sami mahaifinsa, ko da kofin zai kuɓuce. Sarakunan dambe da masu shirya wasa, ku ne ke da fage, kuna da ikon hana wanda ya bugu ɗaure hannu. Masu ramuka da masu gonakin da ke sayo wa yara kayan caji don aiki ya yi sauri, ku ji tsoron Allah, kuna cin ƙarfin shekara talatin na ɗan wani a damina uku. Masu unguwanni da dagatai har zuwa fadar Mai Martaba Sarkin Birnin Gwari, Malam Zubairu Jibril Maigwari na II, babu dilan da ke sayarwa a unguwa ba a san shi ba. Malamai kuma su ambaci abin da sunansa a kan mumbari, su kuma ambaci wannan sabon uzuri, domin yaron da ke sha don jiki ba ya jin wa'azin 'yan shaye-shaye da shi ake.

Kai kuma ƙanina mai gudun asuba don kana son shiga soja ko ɗan sanda, ka sani yanzu ana gwajin ƙwaya wajen ɗaukar aikin ɗamara. THC a cikin kitse take maƙalewa, mai sha kullum fitsarinsa yakan nuna ta har makonni bayan ya daina. Kada wani ya ruɗe ka cewa gumi zai wanke ta. Masu bincike a jami'ar Sidini ta Ostareliya sun sa mashaya sun tuƙa keken motsa jiki na minti 35 a 2013, sai suka ga sinadarin ƙaruwa ya yi a jininsu, saboda kitsen da ya narke ya sako shi. Shekara guda kana gudu, kwalbar fitsari ɗaya ta mayar da kai gida.

In ka riga ka shiga, fita tana yiwuwa, amma ka san abin da ke gabanka don kada ya ba ka mamaki. Makon farko shi ne mai wuya: rashin barci, saurin fushi, ƙin abinci, gumin dare. Yawanci yakan lafa cikin mako biyu zuwa uku, barcin kan ɗan fi haka daɗewa kafin ya daidaita, wuraren da suka dakushe a ƙwaƙwalwa kuma an ga suna farfaɗowa bayan kimanin wata guda. Kada ka bar fili a wannan lokaci, sai dai ka sauya abokan tafiya gida. Ka gaya wa mutum ɗaya da kake jin nauyinsa, yaya ko kawu ko liman. In ka taɓa jin ƙirji ya riƙe, ko zuciya tana tsalle, ko ka suma a wurin wasa, ka je babban asibitin gari a duba ka kafin ka sake sa takalmin ƙwallo. Iyaye kuma, in yaro ya fara jin muryoyi, ko yana zargin an sa masa guba a abinci, ko ya kwana uku bai runtsa ba yana sambatu, kada a sa masa mari a kulle a ɗaki, kada kuma a kai shi inda za a yi masa haka. Mun ga abin da 'yan sanda suka tarar a wani gida a Rigasa a watan Satumban 2019, mutum fiye da 300, da yawansu a cikin sarƙa. Tsakanin Birnin Gwari da Kaduna kimanin kilomita 120 ne. A sa shi a mota da wani babba nasa, a kai shi Barnawa, a kuma gaya wa likita gaskiyar abin da yake sha da tsawon lokacin da ya yi yana sha.